Gwangwanin da Aka Ajiye wa Baƙona

Sana'ata gyaran takalmi, ni da ban taɓa sa takalmi a ƙafa ba. Nawa a hannu nake sawa. Tun ina ƙarami shan inna ta naɗe mini ƙafafu kamar tabarma, saboda haka in na sauko daga kekena, silifa biyu nake zura wa tafukan hannu, in yi gaba, sauran jikin ya biyo ni in ya ga dama. A bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan nake zama, ƙarƙashin wani mangwaro, da akwatina da zare da basilla da tsohuwar tayar mota. Boko kuwa na leƙa ta, ta leƙo ni, muka rabu ba wanda ya riƙe wani. Abin da Allah ya rage mini a ƙafa sai ya ƙara mini a baki. An ce gurgu ya fi mai ƙafa iya shege, ni dai ban taɓa musa wannan magana ba.

A gindin mangwaron nan na san wani ɗan kasuwa daga wajen Funtuwa, mai zuwa sayen busasshiyar citta duk kaka. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka yi masa magani a asibitin mishan har ya warke sarai, amma ciwon bai tafi hannu rabbana ba. Ya kwashe masa yatsun hannu ya bar dungu, ya kuma ɗan taɓa na ƙafa. Takalmin kanti ba ya zama masa. Ni na auna ƙafar, na yanka taya daidai ita, na shimfiɗa soso a ciki. Tun daga nan ya zama nawa. Ina kiransa Mai Zobe, shi kuma yana kirana Direba, kowa ya san inda ya soki ɗan'uwansa.

Mutum ne mai tsafta har tana ba ni haushi. Riga a goge, hula a karye, turare yana riga shi isowa. Ba ya son yawan magana. Abu guda na lura da shi: ban taɓa ganinsa yana cin abinci a gaban mutane ba. Da rana ta take sai ya zagaya bayan buhunan cittarsa, ya matse burodi tsakanin dungunsa biyu, ya kora da ruwa, ya fito yana karkaɗe riga kamar wanda ya je alwala.

Wata rana na bi shi can na ritsa shi.

"Mai Zobe, rowa ce ko azumin ɓoye? Ga masu tuwo, ga masu doya da manja, kai sai burodi kamar ɗan fursuna."

Ya haɗiye abin da ke bakinsa tukuna, sannan ya ce, "Direba, tuwo da yatsu ake yankarsa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, na gaji da a turo mini kwano da ƙafa. Daga Zariya har Makurɗi ba tashar da ban tsaya gaban mai abinci ba. Kafin in buɗe baki an ce mini Allah ya ba da haƙuri. Wadda ta fi tausayi ita ce mai sako mini abinci a ganye daga sama, kamar mai ba kura. To burodi bai taɓa yi mini haka ba."

Da mai hankali ne ni da na yi shiru. Sai na buɗe baki. Na ce ai bai zo ƙasar da ake cin abinci ba ne sai yanzu. Na ce a nan kudu akwai gwate, abincin da ba ruwansa da yatsa. Tsakin acca ne ake dafawa da yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa, ya yi ruwa-ruwa, a zuba maka a ƙwarya ka tallabe ta da hannu biyu ka yi ta kurɓa har gumi ya keto maka. Na ce a kasuwar Kagoma akwai wata mata, in ka sha nata sai ka tsani garinku. Na ƙara da cewa mutanen nan ba irin naku ba ne, baƙo a wurinsu sarki ne. Har rantsuwa na yi cewa zai zauna a kan benci ya sha kamar kowa.

Ya dube ni. Ya ce, "In aka wulaƙanta ni fa?"

Na ce, "Ka sayar da kekena."

Lokacin ba a fi 'yan shekaru ba da rikicin da aka yi a garinmu a tamanin da bakwai. Wuta ta mutu amma toka da sauran zafi. Mutanenmu na cikin gari da yawa sun daina cin abincin mutanen ƙauye, su ma sun rage shigowa unguwarmu. Ni ban daina ba. An yi mini faɗa, na ce tukunyar matar nan ko nama ba ya shigarta, kuma cikina bai san unguwa ba.

Ranar kasuwa muka hau a-kori-kura. Aka ɗaure kekena a sama, aka ɗora ni kan buhun masara kamar ragon suna, shi kuma ya zauna gaba kusa da direba yana kare rigarsa daga ƙofa. Ƙarshen damina ne, duwatsu duk sun yi kore, hanya kuwa taɓo. Kafin mu isa rana ta ɗaga, yunwa ta fara yi mini kiran sallah a ciki.

Rumfar matar a kan tudu aka gina ta, saboda ruwan da ke gangarowa daga dutse. Sai ka hau matakala ta duwatsu kafin ka kai ga bencina. Ni duk shekarun da na yi ina zuwa ban taɓa hawa ba. A ƙasa nake tsayawa kan kekena a miƙo mini, ina ganin ai girmamawa ce, kamar yadda ake kai wa manya abinci cikin mota. Ita kuwa mace ce ƙatuwa mai fara'a, babba a zumuntar matan cocinsu, tana juya tukunya tana waƙa. Hausarta irin ta wajen ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne.

"Mai takalmi, ka zo? Wancan da ka gyara mini ya sake yagewa."

"Mama, ba laifin takalmi ba ne. A duba kayan da aka ɗora masa."

"Bakinka zai kashe ka. Nawa zan zuba?"

"Biyu. Yau da baƙo na zo, tun daga arewa ya ji labarinki."

Ta leƙo tana murmushi. Ta ga hula, ta ga riga, ta ce sannu da zuwa Alhaji. Sannan idonta ya sauka kan hannayensa. Waƙar ta tsaya. Ta koma ciki ta zubo nawa a kwanon da ta saba, ta miƙo mini. Daga nan sai na ga ta zagaya bayan murhu ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, babba, bakinsa duk tsatsa. Na san gwangwanin. Na wani mahaukaci ne da ke kwana a kasuwar, in ba ya nan karnuka su lashe. Ta ɗaga ludayi sama ta tsiyaya gwate a ciki, ta ajiye a matakalar ƙasa, ta sa itacen wuta ta ɗan tura shi gaba.

"Ka sha, baba. Ba kuɗi. Allah ya kawo sauƙi."

Ba muguwa ba ce, kada a ɗauke ta haka. A ganinta alheri ta yi. Tsoronta kada masu ci su watse, kuma duk ƙwaryar da ya sa wa baki sai dai a fasa.

Baƙona bai dubi gwangwanin ba. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya gyara zaman hularsa da dungunsa ya ce a hankali, "Direba, mu je. Akwai mai burodi a bakin hanya."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ajiye kwanona a kan kujerar keke, na zura silifa a hannu, na diro cikin taɓon. Na kama matakalar nan ina jan jiki, dutse yana gurje mini gwiwa, har na kai ƙofar rumfar. A nan na baje, na cika ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan. A ciki akwai manoma, da direbobi, da wani dattijo tsohon soja sanye da tsohuwar kwat ɗinsa, sanda a tsakanin ƙafafu. Duk suka daina sha. Ba mai shiga, ba mai fita, sai dai in mutum zai tsallake ni, kuma a ƙasar nan ba a tsallake mutum, balle gurgu.

"Mai takalmi, mene ne haka? Ka tashi mini a hanya."

"Mama, da ina iya tashi ai da ba a nan kika gan ni ba."

Wani direba ya tuntsire da dariya har gwate ya sarƙe shi. Ni kuwa gaskiya lokacin da na fara hawa ban san abin da zan ce ba. A kan dutsen nan dabara ta zo mini. Na sha shiga gidajen mutanen nan in na kai musu takalma, kuma na san al'adarsu guda da ba sa wasa da ita. Ba a miƙa wa baƙo kunu ko wani abin sha sai mai gida ya fara kai ƙwaryar bakinsa ya kurɓa a gaban idonsa, don baƙo ya san ba a sa masa komai ba. A cikin ƙwaryar da za a ba shi ake kurɓa, ba wata ba. Wanda ya ba da abu ya ƙi taɓa baki kuwa, ya jawo wa kansa magana, irin maganar da ke bin mutum har jikokinsa.

Na ce, "Tambaya zan yi, dattawa su yi mana shari'a. Mutumin can ya yi bara?"

Ta ce, "Bai yi ba."

"Ciniki kika yi da shi?"

"Na ce masa ba kuɗi. Laifi ne?"

"Ba laifi. To wanda bai roƙa ba, bai saya ba, aka ba shi abinci a ƙasar Kagoma, wane ne shi?"

Tsohon sojan ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Baƙo ne."

Na ce, "Na gode, Baba. To Mama, ki sauka ki kurɓa masa."

Ta riƙe ƙugu. "Nan kasuwa ne, ba gida ba ne."

Dattijon bai ko ɗago ba. Ya ce, "Inda murhunka yake, nan ne gidanka. Da ka sayar masa, da ba ruwanmu. Ka ba shi kyauta, ka mai da shi baƙo. Ka taɓa baki, 'yata."

Wani daga can ƙurya ya ce, "Baba, kuturu ne fa."

Dattijon ya nuna matar da sanda ya ce, "Wa ya ce ya sha bayan shi? Kafin shi zai sha. Haka muka tarar."

Kafin nan mutane sun fara taruwa a ƙasa, masu doya, masu babur, mata da tallan wake da riɗi a ka. Kasuwa ba ta son komai kamar rigima da ba tata ba. Matar ta dube su, ta dube ni. In da kallo yana yanka da an yi jana'izata a ranar. Na matsa mata kaɗan, iya inda ƙafarta za ta wuce. Ta sauka, ta sunkuya ta ɗauki gwangwanin.

Sai a lokacin ta dube shi da kyau, ina jin tun da ta ajiye shi a bayan murhu ba ta taɓa ba. Tsatsa ta ci bakinsa, tsohon abinci ya bushe a gefe ya yi baƙi, ga tururuwa sun taso suna iyo a kan gwaten. Ta ɗaga shi har kusa da haɓa. Ta tsaya. Ta sake ɗagawa, hancinta ya ƙi. Kowa yana kallo. Can sai ta kifar da shi a ƙasa, kaji suka rufa a kai, ta yi jifa da gwangwanin ya faɗa cikin ciyawa. Ta hau matakala tana zagina da yarensu. Ban ji duka ba, amma na tsinci sunan kunkuru a ciki.

Ta ciro ƙwarya daga cikin waɗanda take kifewa a kan tebur, ta ɗauraye, ta cika ta. Ta sauko har gabansa, ta kai baki ta kurɓa, ta haɗiye yadda kowa zai gani, sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

Ni a nan na ɗauka an gama. Ashe Mai Zobe bai fara ba. Bai karɓa ba. Ya dubi taɓon da yake tsaye a ciki, ya dubi kajin da ke tsattsagar ƙasa kusa da takalminsa, ya ce, "Mama, a nan baƙinku suke sha?"

Daga ciki aka ji ƙarar sanda a kan benci. Tsohon sojan ne ya matsa gefe, yana bubbuga wurin da ya bari.

Mutum biyu suka miƙe suka ajiye ƙwaryarsu ba su shanye ba. Na ba su hanya da sauri har da sannu. Ɗayansu ya tofar da yawu da ya kai ƙasa, na ce masa ya yi hankali da santsi, guragun garin sun isa haka. Sauran suka zauna, wasu don kunyar dattijo, wasu don kada a ba su labari.

Baƙona ya tattare rigarsa ya hau a hankali, ya wuce ta gefena, ya zauna. Matar ta biyo shi da ƙwaryar. Ya sa dungunsa biyu ya tallabe ta, hannunsa ya gogi nata, na ga ta ɗan zabura amma ba ta saki ba sai da ta tabbata ya riƙe. Ya yi bisimilla. Ya kafa kai. Ina daga ƙofa ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, tururi yana dukan fuskarsa. Ya daɗe bai ɗago ba.

Da ya sauke ƙwaryar a kan gwiwa sai na gyara zama, ina jiran yabo. Ai ni na kawo shi. Na riga na shirya yadda zan ce, ban gaya maka ba?

Ya lashi leɓe. Ya ce, "Mama, gishiri bai ji ba."

Na ji kamar in mirgina in koma ƙasa. Matar ta ajiye ludayi.

"Me ka ce?"

"Gishiri. Kuma yakuwar ta yi yawa, ta danne gyaɗar."

"Ka ji mini mutum. Tun kana ina nake dafa gwate? Fastoci sun sha, sojoji sun sha, ba wanda ya ce gishiri. Kai da ka saba da tuwon dawa da miyan kuka, me bakinka ya sani?"

"Bakina ƙalau yake, Mama. Ciwon bai kai can ba."

Rumfar ta kwashe da dariya, har dattijon sai da ya dafa sanda. Ta finciko gwangwanin gishirinta, ta ɗebo da yatsu ta watsa masa a ƙwaryar tana ci gaba da faɗa, ta sa ludayinta ta juya masa, ludayin nan dai da take zuba wa kowa. Faɗa ya sa ta manta. Ya kurɓa ya ce yanzu an fara magana. Ta ce in ya ƙara cewa komai za ta kife masa tukunyar a ka. Yana dariya, kafaɗunsa suna rawa. Duk shekarun da na san shi, ranar na fara ganin haƙoransa, ashe har da na azurfa guda.

Da hankalina ya dawo kan cikina sai na waiga ƙasa. Wata akuya ta ɗora ƙafafun gaba a kan kekena, kanta cikin kwanona, ta kusa gamawa.

"Mama, a taimaka a sake zuba mini. Akuya ta sha nawa."

"Ka sauka ka yi masa shari'a, tunda ka iya."

Sai da dattijon ya sa baki ta zubo mini, shi ma rabin ludayi. A nan ƙofar na sha, ina tokare da bango, gwiwata tana zugi. Gishirin kuwa, tsakani da Allah, bai ji ba.

Baƙona ya nemi ƙari, ya ce wannan karon na saye ne. Ta zuba. Da ya gama ya tura mata aljihun rigarsa da dungu, don shi ba ya iya zaro kuɗi, sai dai mai kaya ya sa hannu ya ɗauka. Ta dubi aljihun. Sannan ta goge hannu a zani ta zura ta ɗauki nata. Na ce mata kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ta ce in ban rufe baki ba ni za ta fara yi wa, da wuƙar yankan gauta.

Abin da ta yi da ƙwaryar bayan tafiyarmu ban sani ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai ga ta jefa ta cikin bahon wanke-wanke tare da sauran, amma ina da ido a ƙeya ne da zan san abin da ya biyo baya?

Na gangara matakalar da baya, abin da ya fi hawa wuya, shi yana tsaye a ƙasa yana jirana. Da na hau keke na kama tuƙi, sai ya juya ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Mama, baɗi in Allah ya kai mu, a rage yakuwa."

Ba ta ko leƙo ba. Daga bakin murhu ta amsa.

"Baɗi ka zo da gishirinka."